Zangon Fatake a Ƙasar Haɗejiya, da Masu Cewa Ba Gini Ba Ne

Akwai wata magana da na sha ji a bakin samarinmu waɗanda suka yi karatu mai zurfi, ina so mu ɗora ta bisa sikeli mu ga nauyinta. Su kan ce wai ko da ya ke Hausawa sun yi suna wajen fatauci tun zamanin da, ba su taɓa gina wa matafiyi masaukin kirki ba. Hujjarsu ita ce, in ka je Turkiyya ko Farisa ko Masar, har yau za ka tarad da manyan gidajen ayari na dutse tsaye a bakin hanya, mutane na zuwa kallo. Amma ka bi tsohuwar hanyar Kano zuwa Barno, ko ta Gumel ko ta Haɗejiya, da ƙyar ka sami guntun bango wanda za a nuna maka a ce nan fatake su ke sauka. Maganar ta ƙara ƙarfi tun shekarar 2023, sa'ad da hukumar UNESCO ta sa gidajen ayari 54 na ƙasar Iran cikin jerin kayan tarihin duniya.

Rabin maganar gaskiya ce, kuma ba na so mu yi musun abin da ido ya gani. Bari in kwatanta muku ɗaya daga cikin gidajen nan. A kan hanyar Konya zuwa Aksaray, cikin ƙasar Turkiyya, akwai wani da a ke kira Sultan Han, wanda Sarki Ala'uddini Kaikubad ya sa aka gina a 1229. Ganuwa ce ta sassaƙaƙƙen dutse, da ƙofa ɗaya tak mai tsawo wadda aka yi wa ado. In ka shiga sai ka faɗa wani babban fili, ɗakuna da rumfuna sun kewaye shi, ga ɗan masallaci a tsakiya an ɗaga shi bisa ginshiƙai. Can ƙurya kuma akwai wani ƙaton ɗaki rufaffe, inda mutane da dabbobi su ke shigewa lokacin sanyi. A zamanin da, baƙo ya kan kwana uku yana ci yana sha ba a karɓi ko anini a hannunsa ba, domin dukiyar wakafi ce ke ɗauke da gidan. Wanda ya ga wannan, sa'an nan aka nuna masa bukkar kara aka ce ga namu, ba a ga laifinsa ba in ya yi tsaki.

To, amma shi gini amsa ce ga tambayar da ƙasa ta yi wa mai ginin. Tambayar da aka yi wa mutanen Konya ita ce ƙanƙara mai kashe raƙumi, da hanya guda wadda duwatsu suka tsare ba ta kaucewa, ga kuma sarki ɗaya mai mulkin hanyar daga farko har ƙarshe, yana da dutse a gindinsa. Tambayar da aka yi wa mutanen ƙasar Haɗejiya dabam ce, saboda haka kafin mu yanke hukunci sai mu fara duban ƙasar.

Kowa ya san ƙasarmu iri biyu ce a haɗe, jigawa da fadama. Jigawa rairayi ce, ba ta riƙe tubali sosai. Fadama kuwa laka ce mai kyau, amma da damina ta yi nisa Kogin Haɗejiya ya kan cika ya tumbatsa ya malale ta, har a wayi gari ƙauye ya zama tsibiri. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, da Challawa a 1992, malalar ta sāke hali, duk da haka wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san abin da ruwan nan ke yi wa gidan ƙasa: ya jiƙa gindin bango, kwana biyu sai ka ji rugum. Dutse kuwa sai a yi tafiya mai nisa ba a ga wanda ya isa a kafa murhu da shi ba. Ga shi kuma ayari ba ya tafiya da damina. Sai an yi kaka, ruwa ya janye, hanya ta bushe, harawa ta samu, sa'an nan madugu ya ke sa rana. Watau masaukin da a ke bukata na wata shida ne ko bakwai, a lokacin da ba a tsoron ko ɗigon ruwan sama. Mutumin da zai kashe dukiyarsa ya gina soro a bakin mashigi, domin baƙin da ba za su zo ba sai bayan ruwa ya cinye soron, ba gwani za a kira shi ba.

Abu na biyu, ita kanta hanyar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Turawan nan biyu, Clapperton da likita Oudney, da suka taso daga Kukawa cikin Disamba 1823 tare da ayarin Larabawa, ta Katagum suka biyo. Oudney ya mutu a Murmur cikin Janairu 1824, Clapperton ya isa Kano ran 20 ga watan. Bayan shekara 27, watau cikin Maris 1851, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya tashi daga Kano za shi Kukawa, sai ya bi ta arewa, ta Gumel, a lokacin da yaƙe-yaƙen Sarki Buhari na Haɗejiya suka hana ƙasar zama lafiya. A Gumel ya tarad da babbar kasuwar kanwa, wadda a ke kwasa har ƙasar Nufe. Kun ga hanya biyu ke nan zuwa wuri ɗaya, kuma madugu shi ke zaɓa kowace shekara, gwargwadon labarin da ya ji na yaƙi da na fito da na halin sarakuna. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara. Sarkin da ya tsananta karɓa sai ya ga ayari ya kewaye shi. Da an gina masa Sultan Han a ƙofar gari, da jemagu sun gaje shi.

Saboda haka gwanintar zango ba a bango ta ke ba, a tsari ta ke, kuma nan ne masu sukan suka yi sakaci ba su duba ba. Fatake su kan yi sammako tun asuba, su ya da zango kafin rana ta yi tsanani ƙwarai. Jagaba shi ke wucewa gaba ya duba wuri. Abin da ya ke nema huɗu ne a dunƙule: ruwa, ko rijiya ko gulbi, wanda zai ishi ɗaruruwan jakuna da takarkarai, inuwa, galibi ta tsamiya ko gawo, ɗan tudu inda za a hangi mai zuwa, da gari kusa, amma ba cikinsa ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni sha'awa. Zango ya kan zauna bayan ganuwa, nesa kaɗan da ƙofa, yadda matan gari za su iya kawo fura da tuwo da dafaffen wake, yara su kawo harawa da dusa, amma jakin baƙo ba zai shiga gonar mai gari ba, kuma in cuta ce ayari ya ɗauko ba a kwana da ita cikin unguwa ba. Baƙi ɗari biyar masu kwari da baka, ba sarkin da zai so a rufe ƙofa suna ciki. Su ma fataken ba su so a rufe su, don kada gari ya waye a ce ba a buɗewa sai sun ƙara gaisuwa.

In an sauka, kowa ya san wurinsa ba sai an faɗa masa ba. A sauke mangala da waga a jera su tsibi-tsibi, kowane maigida da nasa, barorinsa su kwanta kewaye da kayan. A cire wa jakuna akumari a duba bayansu, a kai su ruwa, a ɗaure a turke ko a yi musu dabaibayi. Madugu ya kan kasance inda kowa zai same shi, tare da malamin ayari. Ubandawaki ya bi ya tara kuɗin da za a kai wa mai ƙasa. In wurin abin tsoro ne, a sari ƙaya a yi shinge, a hura wuta, a sa masu tsaro. Bukkokin kuwa na kara ne da zana da kaba, abin da ƙasar ke bayarwa kyauta, gama goriba ba ta da wuya a wajenmu. Inda ayari ya saba sauka kowace shekara, mutanen gari su kan tsai da bukkokin tun kafin ya iso, har a naɗa Sarkin Zango mai lura da wurin da sasanta baƙi. Gari guda ne ke tashi cikin sa'a ɗaya, da kasuwarsa da masallacinsa na jeren itace da mahukuntansa, kashegari ya naɗe ya hau bayan jaki. Ni dai a ganina wanda ya tsara wannan ya san aikin gini, ko da bai taɓa riƙe tubali ba.

Kada mai karatu ya ce na zama maroƙin zango. Yana da aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko gobara: bukkar kara, ga hunturu, ga wuta a kowace kusurwa, tartsatsi ɗaya ya isa ya mai da dukiyar shekara toka. Na biyu sanyi. Clapperton ya ba da labarin wata safiya a kan hanyar nan da suka tashi suka tarad da ruwan salkunansu ya daskare, Oudney kuwa da ma ba shi da lafiyar ƙirji. Zana ba ta tare irin wannan ɗari, kuma tsofaffi da marasa lafiya su suka sha wuyarsa. Na uku ƙazanta, gama wurin da dabbobi dubu suka kwana bara da bana, kusa da rijiyar da a ke sha, ba sai an faɗa ba. Akwai kuma abin da ba ma son tunawa. Ba kanwa da goro kaɗai suka kwana a zangon nan ba, bayi ma sun kwana, waɗansu da mari a ƙafa, kuma yawancin masu ɗaukar kayan da masu saran ƙayar ba da son ransu suka zo ba. Duk mai yabon tsarin zango ya san a wuyan wa tsarin ya hau.

Inda na fi rabuwa da masu sukan shi ne cewar da su ke yi babu gini ko kaɗan. Akwai, sai dai sun nema inda ba ya nan. Gidan ayarin Bahaushe na ƙasa yana ƙarshen hanya, cikin birni, kuma sunansa gidan fatoma, watau mai masauki. A Kano ayarin gabas da na arewa su kan tsaya a Fagge, bayan ganuwa, da raƙumansu. Cikin birni kuma, kusa da Kasuwar Kurmi, har yau ga unguwar da a ke kira Zangon Barebari, sunanta kaɗai ya gaya maka daga ina baƙinta su ke zuwa. Shi fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ya saukad da kai, ya ciyad da kai, ya ajiye maka kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya maka in bashi za a bayar, shi kuwa abincinsa la'ada. Abin da wakafin sarki ya yi a Konya, la'ada ce ta yi shi a nan. Wani masani, Abner Cohen, ya tarad da wannan tsari yana aiki daram a Sabo ta Ibadan, wajen fataken shanu da goro, ya rubuta shi cikin littafin da ya fitar a 1969.

Dubi yadda aka gina gidan ya dace da aikin. Zaure ne a gaba, babba, inda a ke ciniki da lissafi, mai saye ya shigo ya fita bai ga cikin gida ba. Daga nan sai fili inda a ke ɗaure dabba, da ɗakunan baƙi a gefe, sa'an nan shigifa, wadda ita ce iyakar baƙo. Bayanta iyali ne. Ƙofofin ba su kallon juna, don kada idon na waje ya zarce. Ɗakin ajiya soro ne, rufin ƙasa, ba taga sai 'yar kafa can sama, saboda wuta da ɓarawo. Bangon tubali ne, da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, shi ya sa da rana ciki ke da sanyi, da dare kuma ya riƙe ɗumi. Goro, wanda ba ya son zafi da iska, ya fi kowa sanin amfanin wannan. Rufin na azara ne, tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, don haka magina suka koyi fito da ita daga bango hawa-hawa, har suka kai ga bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda ke ba da zaure mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshenta a masallacin Jumma'a na Zariya, ita ce dai ƙaramin magini ya yi wa attajiri a zaurensa. A shafe da makuba, a sa indararo, a ɗaga zankwaye a kan kusurwa. Illarsa ɗaya, yana son yaɓe kowace shekara. Ran da la'ada ta daina shigowa, ran nan damina ta fara cin gidan.

A nan ina da 'yar ƙorafi a kan littattafan da aka rubuta game da ginin Hausa. Dmochowski, mutumin Polan, ya yi shekaru yana auna gine-ginen Nijeriya yana zana su, aka buga aikinsa cikin littafi uku a 1990, bayan rasuwarsa. Moughtin ya fitar da nasa a 1985. Aiki ne na a gode, ba don su ba da siffar gine-gine da yawa ta ɓace tare da su. Amma idon mai auna gini ya fi faɗawa kan fada da masallaci da gidan babban mutum, domin su ke tsayawa a auna su. Labarin ayari kuma sai ka koma wajen masu tarihi, irin su Lovejoy da ya rubuta na fataken goro a 1980 da na gishiri da kanwa a 1986, su kuwa hankalinsu na kan kaya da riba da asalin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Zango ya faɗa tsakanin masu auna bango da masu ƙidaya kaya. Yaron da ya karanta duka biyu sai ya fito yana tsammani kakanninsa a sarari kawai su ke zubewa kamar tumaki.

Yanzu mu komo gida. Malam Madori ita ce shaidar abin da ya gaji zango. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ja reshe zuwa gabas wajen mil 140, ta Ringim da Gagarawa da Birniwa, ya kai Nguru a 1930. Layin bai shiga Haɗejiya ba, ya bi tudu ta arewa da fadama, aka kafa tasha a Malam Madori, mil 12 ko 13 daga birnin. Ku lura, Bature da duk ƙarfensa, shi ma tudun da jagaba ke nema ya nema, kuma shi ma bayan gari ya sauka. Tafiyar da jaki ke kwana da kwanaki yana yi zuwa Kano ta koma ta yini. Goro ya riga ya bar hanyar Gwanja ya koma jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasa. 'Ya'yan madugai masu wayo suka bi shi. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ɗan madugu ne daga Bebeji, da fataucin goro ya fara kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa.

Me aka gina a bakin tashar? Kanti da sito da rumfar sikeli, siminti da kwano, an jera su bisa layi. Ba na hana su yabonsu: ba su cin wuta kamar kara, ba su neman yaɓe kowace kaka, ɓera ma ya sha wuya. Amma don buhu aka yi su. Manomin da ya koro jakunansa daga ƙauyukan fadama ya kawo gyaɗa, ba wanda ya zana masa wurin kwana cikin takardar tsarin, sai ya koma neman mai masauki cikin gari kamar yadda kakansa ya yi. Kwano kuwa kun san halinsa, da rana tanda, da dare ƙanƙara. Babban abin da zamanin nan ya tayar a Malam Madori shi ne dalar gyaɗa, irin wadda a kan ce guda ta kan ci buhu har 15,000. To, ita dalar nan, ashe ba kamar zango ta ke ba? A tayar da ita da kaka, a rushe ta in wagunu sun samu, ba ta bar ko tubali ɗaya a ƙasa ba, tun da fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya cinikin. Duk da haka ban taɓa jin saurayin da ya ce dalar gyaɗa ba kome ba ce. Bambancinsu ɗaya ne, ita an ɗauke ta hoto, shi kuwa zango ya watse kafin mai hoto ya iso.

Da na tashi auna masaukin matafiya na yau, da ma'aunin jagaba zan auna shi, ba da na Sultan Han ba. Shiga tashar mota, kowace ka ga dama a kan hanyoyin nan, ka tambayi abu huɗun nan. Ruwa, sai na leda da kuɗinka. Inuwa, sau da yawa an sare itacen don a sami wurin ƙarin mota biyu. Mai jiran mota da tsohuwarsa da buhunansa yana tsugune gindin bangon wani, in dare ya yi masa sai benci. Siminti ya fi na da yawa nesa ba kusa ba, amma tunanin baƙo ya ragu.

Sunan dai ya ƙi mutuwa. Ga Zangon Daura, ga Zangon Katab, ga unguwannin zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, inda kalmar ta zama sunan duk wurin da baƙi Musulmi suka zauna. 'Yan makaranta ma da zango su ke ƙidaya shekararsu. Amma suna ba ya nuna faɗin zaure. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci kuna da abin da Dmochowski bai samu ba, gama ku tsofaffin za su buɗe wa baki. In a garinku akwai fili da a ke ce wa zango, ko da yanzu gero ne a kai, ɗauki fensir ka je da dattijo ya nuna maka inda rijiyar ta ke, ka taka ka ƙidaya sawu nawa ne daga nan zuwa tsohuwar ƙofar gari, ka rubuta itatuwan da suka saura da gefen da ayari ke fitowa. In kuwa akwai zauren tsohon fatoma da magada ke shirin rushewa su sa bulo, roƙe su su dakata maka yini ɗaya, ka auna kaurin bangon a gindi da kamu, ka ɗaga kai ka ƙidaya azarar.